Orwell ɗin da ba a koya mana a makaranta ba

Yawancinmu a ƙasar nan in aka ce George Orwell littafi ɗaya ne ke faɗo mana a rai, na dabbobin nan da suka fatattaki mai gona suka kafa nasu mulkin. Wasu da Turanci suka karanta shi a sakandare, Animal Farm, wasu kuma irin kawuna fassarar Bala Funtua suka karanta, Gandun Dabbobi, wadda ta fito a 1975, har gobe in aka taɓo siyasa a rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12 sai ka ji yana cewa ai wancan Maitumbi ne, mai magana da yawunsa kuwa Karambana ne sak ba a rage komai ba, wato aladun cikin littafin, shugaba da ɗan korensa. Wanda ya ɗan ƙara gaba shi ne zai ambato 1984, shi ma galibi ba karantawa ya yi ba, hoton bangon littafin ya gani a Facebook ranar da gwamnati ta yi wani abun da ya ɓata wa mutane rai.

Kwanan nan na saurari wani shirin tarihi na fodkas, irin wanda Turawan Ingila biyu ke zama su ɗauko mutum ɗaya su yi ta warware rayuwarsa suna tsokanar juna, to suka bi littattafan mutumin nan. A danfo nake ji, iyafis a kunne, goslon Agege zuwa Oshodi kaɗai ya ishi mutum ya haɗa digiri in yana so. Shirin ne ya sa na je na nemo wasu rubuce-rubucensa na karanta a waya, kuma gaskiya abun da na fahimta shi ne rabin mutumin muka sani, kuma ba rabin da ya fi shafarmu ba ne.

Sunansa na asali Eric Blair, Orwell ɗin sunan wani kogi ne a Ingila ya ara. An haife shi ranar 25 ga Yuni 1903 a garin Motihari na ƙasar Indiya. Ku dubi shekarar nan da kyau. A watan Fabrairunta Kano ta faɗa hannun sojojin Lugga, a Maris Sakkwato, wata ɗaya bayan haihuwarsa aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Wato daular da ta ci mu da yaƙi ita ce ke biyan ubansa albashi, kuma aikin uban ma ba na a faɗa da ƙarfi ba ne, ma'aikaci ne a sashen da ke kula da noman ofiyom, ƙwayar da ake nomawa a Indiya a kai ƙasar Sin a sayar. Yaron ya samu gurbin karatu kyauta a Eton, makarantar 'ya'yan manya, amma bai wuce jami'a ba, yana ɗan shekara 19 a 1922 ya shiga aikin ɗan sandan mulkin mallaka aka tura shi Bama.

Bama ɗin nan dai da tsofaffinmu ke ba da labari. Shi ya bar ta a 1927, kakanninmu suka isa can a yaƙin duniya na biyu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma mu mazauna Legas kullum muna wucewa ta gaban shaidar abun ba mu lura: barikin Dodan da ke kusa da Obalende, da na Arakan a Apapa, da na Myohaung a Yaba, duk sunayen wurare ne na can inda aka gwabza. Da na ce wa kawu, "Kawu, kun san kuwa mai Gandun Dabbobin nan naku ɗan sandan Turawan mulki ne?" sai ya ɗago daga buhun da yake dubawa ya ce, "To ai shi ya sa, ɗana. Wa zai san halin karnukan Maitumbi in ba wanda ya yi aikin ba."

Akwai wata gajeriyar maƙala da ya rubuta a 1936 kan harbin giwa, wallahi in da ni ke tsara manhaja da ita zan fara sa wa yara kafin labarin aladu. Yadda ya ba da labarin, yana aiki a garin Moulmein aka kira shi wai wata giwar gida ta haukace ta tsinke sarƙa, ta yi ɓarna a kasuwa ta tattake wani lebura ɗan Indiya har lahira. Ya aika aka kawo masa bindigar giwa don kare kai kawai. Ko da ya iske ta haukan ya wuce, tana tsaye a bakin gonar shinkafa tana tumɓuke ciyawa tana kakkaɓewa a gwiwarta tana ci, ba ruwanta da kowa. Ya san bai kamata a harbe ta ba, dukiya ce babba, mai ita kuma na hanya. Amma da ya waiwaya sai ya ga mutum sama da dubu biyu sun biyo shi, kowa ya zuba ido yana jira ya ga abun da Bature mai bindiga zai yi. Sai ya harba. Giwar ba ta mutu nan take ba, ya yi ta ɗura mata harsashi tana numfashi da ƙyar har ya kasa jurewa ya bar wurin. Kuma ya faɗa da bakinsa cewa ba don komai ya yi ba sai don kar a yi masa dariya.

Mu labarin Di'o da Razdan daga waje muka ji shi, Bature mai hular kwano wanda in ya yi tari hakimi ya miƙe. Wannan kuwa wani ne daga ciki yake ce maka mai hular nan tsoro ne fal cikinsa, taron da yake mulka su ke juya shi. Kuma ba sai Bature ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai kaki ya tare ɗan acaba ko direban danfo a titin Legas ya san wannan, in su biyu ne kawai maganar kan mutu da ban haƙuri, amma da zarar mutane sun taru an fara ɗaga waya ana ɗauka, shi kenan, ba zai iya ja da baya ba ko da ya san ba shi da gaskiya, sai ya fasa gilashi ko ya cire makulli don kar a ce yaro ya raina shi.

Littafinsa na Bama, Burmese Days, a Amurka ya fara fitowa a 1934 saboda masu ɗab'i na Landan na tsoron a maka su kotu. Rigimar cikinsa duk a kan kulob ɗin Turawa ne, za a bar baƙin mutum ɗaya ya shiga ko ba za a bari ba, wanda ya san yadda Ikoyi take a zamanin da aka keɓe ta wa Turawa ba zai sha mamaki ba. Sai dai ni littafin bai gama kwanta mini ba. Ya tsani mulkin mallaka, babu shakka, amma mutanen Bama da ke ciki in ba maciyin rashawa ba to mai kuka ne ko mai fadanci, ka rasa mutum ɗaya cikakke da za ka ce ga yadda yake tunani.

Da ya ajiye aikin sai ya yi abun da iyayensa suka ɗauka taɓin hankali ne. Ya sa tsummokara ya shiga cikin marasa galihu na Landan yana kwana inda suke kwana, ya tafi Faris ya ƙare a wanke-wanke a ƙarƙashin wani babban otal. Daga nan Down and Out in Paris and London ya fito a 1933, kuma shi ne littafin da na fi so a cikin duka. Ba wa'azi yake ba, lissafi yake. Nawa ya rage a aljihu, kwana nawa zai kai, wace riga za a kai jingina, yadda ake goga tafarnuwa a jikin burodi don ɗanɗanon ya daɗe a baki mutum ya ji kamar ya ci abinci. Abun da ya fi kama ni shi ne inda ya nuna cewa rufin asirin talauci ma kuɗi yake ci: ka daina kai wanki, mai wanki ta tare ka a hanya ka yi mata ƙarya, lokacin cin abinci ka fita kamar za ka gidan abinci alhali zagaye za ka yi ka dawo. Duk wanda ya zo Legas neman kuɗi abun bai kankama ba, gida kuma ana ta kira ana cewa Sallah ta matso, ya san wannan karatun ba sai an fassara masa ba. Ka ari kaftani ka ɗau hoto a bakin ruwa ka tura, ka koma ka kwanta kan benci a harabar masallaci.

A Ingila kuma ya gano cewa marasa galihun nan masu yawo gari-gari ba son yawo suke ba, doka ce ba ta yarda su wuce dare ɗaya a gidan kwanan gwamnati ba, dole gari na wayewa ka kama hanya zuwa na gaba, sannan a dawo ana zaginsu wai ba sa zama wuri ɗaya. Na tuna Yunin 2022 da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas, yaranmu suka tattara suka koma gefen gari, can ma aka ce sun cika wuri.

Amma kar mu ruɗi kanmu, talaucinsa mai ƙofar fita ne. Yana da inna a Faris, yana da gidan iyaye a Ingila da zai koma ya yi wanka ya ci mai kyau. Shi ma bai ce ya zama ɗaya daga cikinsu ba, ya dai je ya gani da idonsa, wanda hakan ma ya fi abun da yawancin masu magana da yawun talaka ke yi, na can da na nan.

A 1936 ya tafi arewacin Ingila wajen masu haƙar kwal, abun da ya haifi The Road to Wigan Pier a 1937. Ya sauka ramin da kansa, shi ga shi dogo, ya ga mutum na tafiyar mil guda ko fiye a duƙe kafin ma ya isa inda zai fara aiki, kuma wannan tafiyar ba a biyansa ko kwabo a kanta. Ya sauka a wani gidan haya da maigidan ke miƙo burodi da shatin baƙin babban yatsansa a jiki. Sannan ya yi wata magana kan abinci da har yanzu ban ga wanda ya faɗe ta fiye da shi ba. Masu hali na ta faɗa wai me ya sa talaka ba zai sayi abinci mai gina jiki da ɗan kuɗinsa ba, sai farin burodi da shayi mai sukari. Ya ce mai kuɗi ne ke iya jure abinci mara daɗi don lafiya, wanda yunwa da gajiya da takaici suka taru a kansa ɗan abun da zai ji daɗi a baki yake nema. Je ka teburin mai shayi a Agege ƙarfe goman dare ka ga ɗan dakon da ya wuni yana sauke kwandunan tumatir, ya ce a soya masa indomi biyu da ƙwai, a zuba madara ta ji, sukari kuma kar a yi masa rowa. Sai ka je ka ce masa ai da wake ya dafa da ya fi masa arha, ka ji amsar da zai ba ka.

Inda ya zo kusa da mu sosai shi ne Maroko. Ciwon huhu ya sa aka ce ya je wuri mai ɗumi, ya zauna a Marrakesh daga ƙarshen 1938 zuwa farkon 1939, ya rubuta 'yar maƙala mai sunan garin. Su masu shirin ba su wani tsaya a nan ba, hankalinsu na kan Rasha da Sifen, ni kuwa nan na maƙale. Yana cikin lambun gwamnati yana ba wata barewa burodi, sai wani lebura ya ajiye fartanyarsa ya matso yana kallon barewar yana kallon burodin, can cikin jin kunya ya ce shi ma zai iya cin burodin nan. Ma'aikacin hukumar gari ne fa, mai albashi. Sannan ya ce kullum da rana wasu tsofaffin mata kan wuce ta ƙofar gidansa ɗauke da itace, ya yi makonni yana ganin itace na wucewa bai taɓa lura cewa mutane ne a ƙarƙashin kayan ba, alhali tun ranar da ya sauka ƙasar ya lura da yadda ake yi wa jakuna lodi fiye da ƙima har abun ya ɓata masa rai. Ya tausaya wa jaki tun ranar farko, tsohuwa kuwa sai bayan makonni.

Wasu na karanta wannan su ce wariyar launin fata ce, kuma akwai kalamai a ciki da ba za ka so ba. Ni dai abun da na gani mutum ne ya kama kansa dumu-dumu ya kuma rubuta. Kuma makantar nan ba ta Bature kaɗai ba ce. Tsaya a Mile 12 da safe ka ga madam ta yi cefane tana tafe tana waya, buhu na bin ta a baya, buhun take waiwaya ta duba ba wanda ke ƙarƙashinsa ba. Mai ruwa ya shekara yana turo kura gida ɗaya ba wanda ya san sunansa, kowa aboki. Kafin mu ce Yarbawa ne ko Ibo, mu ma 'yan Arewan da muka ɗan samu wuri haka muke yi wa almajiri da mai gyaran takalmi, muna miƙa ƙafa ido na kan waya.

A ƙarshen maƙalar ya ga jerin sojojin Sanagal na Faransa suna wucewa a ƙasa, dubbai, cikin kaki da takalman da ba su dace da ƙafarsu ba, wani matashi a ciki ya juyo ya kalle shi da girmamawa. Ya ce kowane Bature da ke wurin tambaya ɗaya ce a ransa, har yaushe za a ci gaba da yaudarar mutanen nan kafin su juyo da bakin bindigar. A 1939 ke nan. Shekara 21 bayan nan Sanagal da Najeriya duk suka samu 'yanci.

Labarin Sifen shi aka fi sani, don haka ba zan ja shi ba. Ya je yaƙin basasar ƙasar don yaƙar sojojin Janar Franco a ƙarshen 1936, aka harbe shi a maƙogwaro a watan Mayun 1937 ya sha da ƙyar, sannan 'yan kwaminis masu bin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, waɗanda a takarda ɓangare ɗaya suke, suka fara farautar ƙungiyar da ya yi yaƙi a cikinta, shi da matarsa suka tsere ta kan iyakar Faransa. Ya karanta jaridu ya ga an ba da labarin yaƙe-yaƙen da ba a yi ba, an yi shiru kan waɗanda aka yi. Daga nan Gandun Dabbobi da 1984 suka samo tushe. Na dabbobin ma da ƙyar ya fito, kamfanoni suka yi ta mayar masa, har da wanda shahararren marubucin waƙa T. S. Eliot ke ciki, saboda lokacin Stalin abokin yaƙin Ingila ne ba a son a taɓa shi. Sai a Agustan 1945 aka buga.

Shi kuwa 1984, wanda ya fito a Yunin 1949, mutanenmu na son cewa ai Najeriya ce. Ni ban yarda duka ba. Gwamnatin cikin littafin ta san abun da kake yi a uwar ɗakinka, tamu kuwa rabonta da ƙirga mu tun 2006. Abun dariya ma shi ne Big Brother ɗin da yaran Legas ke kwana kallo daga wannan littafin sunan ya fito. Inda ya yi kama shi ne wajen wasa da abun da ya wuce. Aikin jarumin littafin shi ne ya ɗauko tsofaffin jaridu ya sake rubuta su don su dace da maganar gwamnati ta yau. Mu ba a ma wahalar da kai haka, an taɓa cire darasin tarihi gaba ɗaya daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru. Kuma a shekarar 1984 ɗin ta gaske aka yi Doka ta 4 mai toshe bakin 'yan jarida a nan Legas, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian.

Mutumin ba waliyyi ba ne. A 1949 yana kwance a gadon jinya ya ba wani sashen farfaganda na ma'aikatar harkokin wajen Ingila jerin sunayen mutanen da yake zargin 'yan kwaminis ne a ɓoye, don kar a ba su aikin rubutu, sai a 2003 aka fito da takardar kowa ya gani. Wasu na kare shi, ni dai tsohon ɗan sanda na gani ya motsa. Matarsa Eileen, wadda ta bi shi Sifen, ta buga masa rubutu a tafireta, ta riƙe gida da shago da awaki a ƙauye, ta rasu a Maris 1945 a kan teburin tiyata, a littafinsa na Sifen ko sunanta bai ambata ba sai dai "matata". Shi ma tarin fuka ya kashe shi ranar 21 ga Janairu 1950 yana da shekara 46. Bayan ransa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta zuba kuɗi aka yi katun na Gandun Dabbobi a 1954, aka canza ƙarshen labarin ya dace da abun da suke so.

Tunda ya haura shekara 70 da rasuwa, haƙƙin mallakar rubutunsa ya faɗi a Ingila da nan Najeriya, ba wanda zai biya ko sisi in ya fassara. Maƙalar giwa da ta Marrakesh kowacce 'yan shafuka ce, mai Hausa mai kyau zai gama su cikin mako, a karanta a rediyo ko a yi su sautin murya a tura ta WhatsApp, don irin su kawu da yaran rumfarsa ba zama za su yi da littafi ba amma waya na kunne tun asuba. In akwai mai sha'awa a cikin 'yan Agege ko Idi-Araba ya yi magana mu raba aikin, ni zan ɗauki ta Marrakesh.